Yaya zan shigo da wayar eriyar intanet ta taga ba tare da na huda bango ko na bar tagar a buɗe ba?

Ɗan Haya ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin eriya da wayoyinta, domin wani aiki da na ɗauka na minti goma ne ya cinye mini kusan mako biyu ban ga ƙarshensa ba.

Ina zaune ne a gidan haya, a hawa na biyu, kuma intanet ɗin da nake aiki da shi na layin wayar hannu ne, wato rauta ce mai ɗaukar sim ta 4G. A cikin ɗaki sabis ba shi da ƙarfi ko kaɗan, musamman da yamma, har ta kai taron aiki na bidiyo yakan yanke sau uku ko huɗu kafin a tashi. Da na shiga shafin saitin rautar, na tarar RSRP, wato ma'aunin ƙarfin sigina, yana kai da komo tsakanin -110 da -113 dBm (lambar da ta fi kusa da sifili ita ta fi ƙarfi), SINR kuwa, wato ma'aunin yadda sigina ta rinjayi hayaniya, ba ya wuce 2 ko 3, amma idan na buɗe taga na miƙa rautar waje da hannuna, sai RSRP ya dawo wajen -96, SINR ya haura 10. Wannan ne ya sa na sayi eriya ta waje, irin shafaffiyar nan mai kusurwa huɗu, wadda take da wayoyi biyu, kowace tsawonta mita 10, kuma an rubuta RG-58 a jikinsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar shigo da wayoyin. Mai gidan ya faɗa mini ƙarara cewa bai yarda a huda bango ko firam ɗin taga ba, kuma ban ga laifinsa ba, tunda a kan haka muka yi yarjejeniya tun farko. Tagar ta alminiyam ce, mai murfi biyu masu zamewa gefe. A halin yanzu na bar ta a ɗan buɗe domin wayoyin su wuce, ƙura da sauro da feshin ruwan sama suna shigowa, ga shi kuma ba ta kulluwa. Jiya na gwada rufe ta da ƙarfi a kan wayoyin, ta kusa rufuwa, amma da na sake buɗewa sai na ga wayoyin sun lotsa a daidai wurin da ƙarfen ya danne su.

Tambayata ta farko ita ce game da siririyar wayar nan shafaffiya, mai kama da ƙyalle, wadda ake sayarwa domin a bi da ita ta ƙarƙashin murfin taga. Waɗanda na gani duk an rubuta 75 ohm a kansu, kuma an ce na tauraron ɗan'adam ne na talabijin. Shin za su yi aiki da eriyar 4G idan na sa musu adafta? Ta biyu, lotsewar da wayoyina suka yi ta lalata su ne, ko kuwa a fata kawai abin ya tsaya? Ta uku kuma, wadda ta fi ɗaure mini kai: da eriyar a haɗe RSRP yana tsayawa ne a -103, wato bai ma kai abin da na samu da na miƙa rautar waje da hannu ba. Na gode ƙwarai ga duk wanda ya ɗauki lokacinsa ya ba ni amsa.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da tambayarka ta uku, domin ita ce uwar sauran, kuma idan ka fahimce ta za ka ga cewa taga ba ita ce babbar matsalarka ba.

Kowace wayar eriya tana cin wani kaso na siginar da take ɗauke da ita, kuma cin yana ƙaruwa da abubuwa uku: tsawon wayar, sirantarta, da girman zangon da ake aiki a kansa. Ana auna wannan asara da desibel, wato dB, kuma abin da ya kamata ka riƙe shi ne cewa duk 3 dB da aka rasa, rabin ƙarfin siginar ne ya tafi. Wayar RG-58, wadda kaurinta bai wuce milimita 5 ba, a zangon 1800 MHz tana cin tsakanin 0.7 da 1 dB a kowace mita guda, gwargwadon ingancin wanda ya ƙera ta. Mita 10 ke nan ka zubar da aƙalla 7 dB tun kafin siginar ta iso rautarka, wato abin da ya saura bai fi kashi ɗaya cikin biyar na abin da eriyar ta kamo ba. Eriya irin taka ƙarin da take bayarwa a zahiri yakan tsaya a kusa da wannan adadin, ko ya ɗara kaɗan, ko da kuwa an rubuta wata babbar lamba a jikin kwali. Abin da eriya ta tara, waya ta cinye, sannan ga lotsewar da ka yi mata. Idan layinka yana kan zangon 2600 MHz asarar ta fi haka, idan kuwa yana kan 800 MHz ta yi sauƙi sosai. Shafin saitin rautarka zai nuna maka lambar zangon: 20 shi ne na 800, 3 shi ne na 1800, 7 kuwa shi ne na 2600.

Domin ka ga tazarar da ke tsakanin wayoyi, LMR-240 mai kaurin kimanin milimita 6 tana cin wajen 0.36 dB a mita a zangon 1800, LMR-400 kuwa mai kaurin milimita 10 da ɗoriya tana cin ƙasa da 0.2 dB. Sai dai ita wannan ta ƙarshe ba ta lanƙwasuwa da daɗi, kuma babu tagar da za ta rufu a kanta.

Game da lotsewa, amsar ita ce ba a fata ta tsaya ba. Wayar eriya ba kamar wayar fitila ba ce da za a ce muddin jan ƙarfen bai katse ba to wuta za ta wuce. A tsakiyarta akwai silin jan ƙarfe guda, farar roba ta kewaye shi, sannan saƙar ƙarfe ta lulluɓe robar, kuma lambar nan ta 50 ohm, wato ma'aunin turjiyar wayar ga sigina, wadda ita ce ta wayoyinka da eriyar 4G, tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin silin tsakiya da saƙar da ke kewaye da shi. Da zarar ka danne wayar tazarar ta canza a wurin, sai wani ɓangare na siginar ya riƙa komawa baya maimakon ya wuce. Idan aka ci gaba da buɗewa da rufewa a wuri guda, bakin alminiyam zai yanke fatar, ruwa ya sami hanya, saƙar ta yi tsatsa, ko kuma silin tsakiya ya taɓa saƙar, a nan kuwa eriyar ta tashi daga aiki ɗungurungum. Wurin da ya lotsa ba ya komawa daidai don an murza shi da yatsa. A yanke shi a sa sabon kai, shi ne kawai magani.

Sai batun shafaffiyar waya mai 75 ohm. Mutane da yawa za su ce maka ba za ta yi aiki ba sam, amma wannan zuzutawa ce. Idan aka haɗa 50 da 75 a gaɓa guda, kashi 4 cikin 100 na ƙarfin ne yake komawa baya, wato ƙasa da 0.2 dB, kuma ko da aka haɗa gaɓoɓin biyu, na shiga da na fita, asarar da rashin daidaiton zai jawo ba za ta kai 1 dB ba a mafi munin hali. Abin da ya sa ba na ba da shawararta daban ne. Na farko, kanta irin na talabijin ne da ake kira F, don haka sai ka sa adafta biyu a kowace waya, huɗu ke nan ga wayoyi biyu, kuma biyu daga ciki za su zauna a waje cikin ruwa da rana. Na biyu, an ƙera ta ne domin zangon da ke sauka daga kan tauraron talabijin, wanda ya tsaya a wajen 2150 MHz, don haka babu wanda ya yi maka alkawarin yadda za ta kasance a 2600, balle a 3500 na 5G. Na uku, masu arhar cikinsu kariyarsu ba ta da kirki, kuma idan aka matse su tsakanin ƙarfe da ƙarfe halinsu yana sauyawa. Akwai irinta mai 50 ohm da kan SMA, wato ƙaramin kan da ake ɗaurawa a jikin rauta, wadda aka yi musamman domin wannan aiki, tsawonta yakan kama daga santimita 20 zuwa 50. Idan dole sai ka bi wannan hanya, ita za ka nema, guda biyu iri ɗaya, kuma ka sa a ranka cewa za ta ci nata kason.

Kada ka yi tunanin rage wahala da shigo da waya ɗaya kawai. Wayoyi biyun nan eriyoyi biyu ne a cikin akwati guda, an karkata ɗaya digiri 45 zuwa dama, ɗaya zuwa hagu, domin rautar ta karɓi saƙo ta hanyoyi biyu a lokaci guda, abin da ake kira MIMO. Ka cire ɗaya, ka rage gudun saukar da bayanai sosai, a wuri mai kyan sabis ma yakan kusa rabewa biyu.

Shawarata ita ce ka dawo da rautar gindin tagar, ka gajarta wayoyin zuwa mita 2 ko 3, sannan ka rarraba intanet ɗin a cikin gida ta Wi-Fi ko ta kebul na LAN. Wannan kaɗai zai dawo maka da 5 dB ko fiye, ba tare da ka sauya eriya ba.

Mai Haɗa Tagogi ya rubuta:

Malam ya gama magana a kan sigina, ni kuma zan yi tawa a kan tagar, tunda ita ce sana'ata. Shafaffiyar wayar da ake magana a kanta an yi ta ne domin taga mai buɗewa kamar ƙofa, wadda take da roba mai laushi a kewayenta. A irin wannan tagar akwai 'yar tazara tsakanin murfi da firam wadda robar take cikewa, sai wayar ta kwanta a kan robar, ta bi lanƙwasar firam ɗin, a rufe ba tare da an ji mata ciwo ba. Ko a nan ma, idan tagar murfi biyu gare ta, a sa wayar a wanda ba a cika buɗewa ba, domin abin da yake kashe ta shi ne yawan motsi.

Taga mai zamewa irin taka, ɗan'uwa, wani abu ne daban. Bakin murfinta yana shigewa ne cikin wani kwari a jikin firam, don haka wayar sai ta lanƙwashe sau uku ko huɗu a cikin ɗan ƙaramin wuri, tsakanin bakunan alminiyam masu kaifi, kuma duk lokacin da aka turo murfin kamar almakashi ne aka sa mata. Na ga waɗanda suka yi wata biyu kawai fatarsu ta tsage.

Abin da nake yi wa masu haya, kuma masu rediyon gida sun daɗe suna yin sa, shi ne a yanko siririn katako, ko farantin roba mai tauri, tsawonsa daidai da tsayin tagar daga kwarin ƙasa zuwa na sama, faɗinsa santimita 5 zuwa 7, kaurinsa kuwa daidai yadda zai zauna a cikin kwarin. A tsayar da shi a gefen da murfin yake rufuwa, a huda shi, wayoyin su bi ta ramin, sannan a turo murfin ya jingina da katakon. Katakon naka ne, don haka ka huda shi yadda ka ga dama, kuma ranar da za ka tashi ka zare abinka, taga ta koma yadda aka ba ka ita. Rami mai faɗin milimita 10 ya isa kan SMA ya wuce, amma ka tabbata ta wannan ƙaramin kan za ka zura wayar, domin kan da ke wajen eriya, idan irin N ne, ya ninka shi girma. Ka karkata ramin ya gangara zuwa waje, ka toshe abin da ya rage da silikon. Idan katako ne, ka shafe shi da fenti ko banish ta kowane gefe, har da bakin da aka yanka, in ba haka ba damina ɗaya za ta kumbura shi ya ƙi fita.

Akwai abubuwa biyu da mutane suke mantawa. Da yake murfin bai kai maƙurarsa ba, makullin tagar ba zai kama ba, don haka sai ka yanko sanda ko guntun bututu ka kwantar da shi a cikin kwarin ƙasa, a bayan murfin, daidai tsawon da zai tokare shi ya hana a zame shi daga waje. Ɗaya kuma shi ne tsakiyar tagar, inda murafan biyu suke haɗuwa. Idan taga ta rufu sosai bakunansu suna sarƙewa da juna, amma da ka matsar da ɗaya santimita 6 sai wata doguwar kafa ta buɗe tsakanin gilashi da gilashi tun daga sama har ƙasa, kuma ta nan ne sauro da ƙura za su ci gaba da shigowa kana mamakin daga ina. Soso mai manne a baya, irin wanda ake liƙawa a bakin ƙofa, shi yake toshe ta.

Kafin ma ka sayi komai, ka zagaya ɗakin ka duba ko akwai ramin da aka riga aka huda: wurin da bututun na'urar sanyaya ɗaki ya fita, kafar shan iska, ko tsohuwar hanyar wayar talabijin. Sau da yawa akan sami wuri a gefen bututun da zai ɗauki siraran wayoyi biyu, kuma mai gida ba ya jayayya a kan ramin da shi ya huda.

Ɗan Haya ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, Malamai. Na duba shafin saitin, rautar tana kan zango na 3 mafi yawan lokaci, wani lokacin takan koma na 20. Babu wani rami a ɗakin, don haka dabarar katakon ce ta fi kwanta mini a rai. Na kuma matso da rautar kusa da taga kamar yadda Malam ya ce, sai dai ba ni da kayan yanke waya da sa mata sabon kai, saboda haka na naɗe ragowar na ɗaure a bayan labule, kuma kamar yadda za ku yi tsammani lambobin ba su motsa ba.

Wata tambaya ta zo mini a rai. Tunda wahalar duk ta ratsa tagar ce, me zai hana in manna eriyar a jikin gilashin daga ciki, tana fuskantar ƙarfen sabis, in huta da katako da silikon gaba ɗaya? Na kuma taɓa jin cewa akwai wata na'ura da ake mannawa a gilashi ciki da waje, sigina ta ratsa ba tare da waya ba.

Malamar Lissafi ta rubuta:

Ɗan'uwa, kafin ka manna eriya a gilashi, ka yi gwajin da ba zai ci maka komai ba. Ka ajiye rautar a kan dandamalin tagar, ka rubuta RSRP da SINR tagar tana rufe, sannan ka zame murfin ka sake rubutawa ba tare da ka taɓa rautar ba, ka ba ta minti ɗaya ko biyu kowane karo domin lambobin su zauna. Idan bambancin 2 ko 3 dB ne, gilashinka na gama-gari ne, kuma eriya daga ciki za ta yi aiki. Idan kuwa ka ga tazara mai yawa, to gilashin yana da siririn shafen ƙarfe da ake yi masa domin ya tare zafi, kuma irin wannan yana iya cin 20 zuwa 30 dB, wato ya fi wasu bangayen ma tare sigina. Ragar sauro ta ƙarfe ita ma tana yin irin wannan ɓarna, ta roba ce ba ta da laifi. Na'urar da ka ji labari kuwa gaskiya ce, da ita ake haɗa eriyar wayar mota a zamanin da, amma ana daidaita ta ne da zango guda da siririn gilashi guda. A gilashi mai ruɓi biyu, ko mai shafen ƙarfe, ba ta da wani amfani, kuma kai zanguna biyu ne rautarka take yawo a tsakaninsu.

Ni dai ina ganin, tare da girmamawa ga Malam, gajarta waya rabin magani ne. Na yi shekara guda ina wannan fama a gidan da na zauna a baya, na sauya wayoyi sau biyu, kuma ban huta ba sai da na daina shigo da siginar rediyo cikin ɗaki kwata-kwata. Akwai rauta ta waje, wadda eriya da modem da gurbin sim duk suna cikin akwati guda mai jure ruwa da rana. Ita ake ɗaurawa a waje, abin da yake shigowa ɗaki kuwa kebul na LAN ne guda ɗaya tak, wanda yake kai mata wuta ta tsarin da ake kira PoE, yake kuma dawo da intanet. A nan lissafin desibel ya ƙare, domin abin da ke bin kebul ɗin bayanai ne da aka riga aka karanta, kuma ƙa'idar Ethernet, wato ta kebul na LAN, ta yarda da tsawon da ya kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba. Kebul ɗaya maimakon biyu, kuma ranar da ka koma 5G mai buƙatar eriya huɗu ba za ka tsaya neman hanyar wayoyi huɗu ba.

Shi ma yana da nasa sharuɗɗan. Akwai guntun kebul shafaffe na ratsa taga, amma ka duba cewa silinsa 8 ne, domin mai 4 ba ya wuce megabit 100, kuma wasu na'urorin suna aika wutar ne ta silin da babu a cikinsa. Ka duba kuma cewa mai ƙera shi ya ce yana ɗaukar PoE, tunda silinsa sirara ne ƙwarai. A tagarka mai zamewa ma ba ka buƙatarsa, kebul na waje na gama-gari zai bi ta ramin katakon, sai dai ramin ya ɗan fi girma idan an riga an sa masa kai. Aibin da na gani a aikace shi ne sim ɗin yana can waje, don haka duk ranar da za a sauya shi sai an kwance akwatin.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo ya rubuta:

Maganar Malama daidai ce, kuma da ɗan'uwanmu bai riga ya sayi eriya ba, da abin da zan fara faɗa masa ke nan. Amma mutumin da yake samun -96 da SINR sama da 10 daga miƙa hannu kawai ba ya cikin matsanancin hali, kuma eriya mai fuskanta a kan gajeriyar waya za ta ba shi fiye da haka, domin ban da ƙara ƙarfi tana kuma kawar da kai daga sauran ƙarafan sabis da ke yi masa hayaniya ta baya da gefe, wanda shi ne yake ɗaga SINR. Ni a ganina ya fara da abin da ke hannunsa, idan bai gamsu ba sai ya koma ga shawararki.

Ɗan'uwa, naɗe waya ba ya rage tsawonta, siginar sai ta zagaye mita 10 ɗin nan duka. Tunda ba ka da kayan aiki, ka sayi wayoyi biyu da aka riga aka sa wa kai, na LMR-240 ko makamanciyarta, mita 2 ko 3, muddin wayoyin eriyarka masu kwancewa ne. Idan a manne suke da eriyar, ka kai wa mai gyaran rediyo ya yanke su tsakanin eriyar da wurin da ya lotsa ya sa sababbin kawuna. Wajen saye ka lura sosai, domin akwai SMA akwai kuma RP-SMA, ga ido iri ɗaya ne, har suna ɗauruwa da juna, amma na biyun na eriyar Wi-Fi ne kuma ba shi da allura a inda ya kamata. Kan da zai shiga rautar 4G shi ne mai allura a tsakiya. Na sha ganin wanda ya ɗaure komai tsaf ya ga babu canji, ashe rami ne yake fuskantar rami. Ka kuma duba saitin rautar, domin wasu sai an zaɓa musu eriyar waje da hannu.

A waje, ka bar wayar ta ɗan sauka ƙasa da ramin katakon sannan ta hau ta shiga, domin ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a gindin lanƙwasar maimakon ya bi ta zuwa ɗaki, kuma kada lanƙwasar ta yi tsini. Gaɓar da ke jikin eriyar ka naɗe ta da tef ɗin roba mai narkewa ya haɗe da kansa, ka bi shi da baƙin tef na lantarki domin rana. Eriyar da ke gefen taga, ƙasa da rufin gini, haɗarinta na tsawa bai kai na wadda aka ɗaga a kan dogon ƙarfe bisa rufi ba. Idan wata rana ka yi niyyar ɗaga ta sama, to sai da na'urar kare tsawa a kan kowace waya da kuma haɗi zuwa ƙasa, kuma wannan aikin ma'aikacin lantarki ne, da sanin mai gida. Ko a yanzu ma, idan hadari ya taso da tsawa mai ƙarfi, kwance wayoyin daga rautar ba ya ɗaukar minti guda.

Wajen saita fuskar eriyar, ka riƙa juya ta kaɗan-kaɗan, kana jira lambobin su zauna kafin ka sake juyawa, kuma ka fi ba SINR muhimmanci a kan RSRP idan suka saɓa.

Ɗan Haya ya rubuta:

Na yi gwajin da Malama ta ce. Tagar a rufe RSRP -109, a buɗe -98, rautar tana wuri guda, don haka maganar manna eriya daga ciki ta faɗi. Na duba bayan eriyar kuma na tarar wayoyin masu kwancewa ne, kan N gare su, saboda haka na yi odar guda biyu masu mita 3, N a gefe ɗaya, SMA mai allura a ɗaya gefen. Kwarin tagar na auna shi, faɗinsa milimita 22 ne, tsayin kuwa santimita 118. Malam Mai Haɗa Tagogi, shin in yanke katakon daidai wannan tsayin, ko in rage masa wani abu domin ya sami damar shiga kwarin sama kafin ya zauna a na ƙasa?

Mai Haɗa Tagogi ya rubuta:

Ya danganta da inda ka ɗora ma'aunin. Idan 118 ɗin daga cikin kwarin ƙasa ne zuwa cikin kwarin sama, katako mai wannan tsayin ba zai shiga ba. Ka auna daga ƙuryar kwarin sama zuwa saman leɓen kwarin ƙasa, ka rage milimita 2 ko 3, wannan shi ne tsayinka. Ka cusa kansa sama tukuna, ka daidaita gindinsa, ka sake shi ya sauka, kamar yadda ake sa murfin tagar kansa, sannan ka cike 'yar kafar da za ta rage a sama da soso. Ramukan biyu kuma ka huda su a ƙasa-ƙasa, da tazarar santimita 4 ko 5 a tsakaninsu, domin katakon kada ya tsage.